Gwajin Kai-Sikwaya a Binciken Addini: Lissafinsa da Sharuɗɗansa, da Misali Daga Masarautar Daura

Tsakure

Maƙalar ta yi bayanin gwajin kai-sikwaya, wanda ɗaliban nazarin addinin Musulunci suke yawan dogara da shi wajen tantance amsoshin takardun tambayoyi. An bi lissafinsa daki-daki ta hanyar wata mas'ala da aka ƙaddara a Masarautar Daura, sannan aka duba sharuɗɗan da ingancinsa ya rataya a kansu, musamman yadda ake zaɓo masu amsa. An kuma auna abin da gwajin yake iya tabbatarwa da ma'aunin da malaman usulu suka yi amfani da shi a babin istis'habi da babin dawarani.

1.0 Gabatarwa

Yawancin tambayoyin da mai binciken addini yake yi wa jama'a, amsarsu suna ce, ba adadi ba. Wace irin makaranta ɗanka yake zuwa? Wa kake ba zakkar amfanin gonarka? Ina aka raba gadon mahaifinku, a gida ko a kotu? Amsa irin wannan ba a auna ta da mudu ko sikeli, sai dai a ƙirga mutum nawa suka faɗa cikin kowane rukuni. Kayan aikin da aka fi ɗauka domin irin waɗannan bayanai na rukuni-rukuni shi ne gwajin da Baturen Ingila Karl Pearson ya fitar a shekarar 1900. Ana rubuta shi da harafin Girkanci χ², ana kuma furta harafin da "kai", wanda ba shi da wata dangantaka da kalmar kai ta Hausa.

A babi na huɗu na kundayen digiri da yawa, za a tarar da jadawali, a ƙarƙashinsa lamba, a ƙarƙashin lambar kuma hukunci: akwai alaƙa mai ma'ana tsakanin kaza da kaza. Kwamfuta ce ta yi lissafin, ɗalibi ya kwafo. Matsalar ita ce, hukuncin a kan mutane ake yanke shi, wani lokaci a kan ɗarika ko ƙungiya ko gari sukutum, kuma yana iya fita daga ɗakin karatu ya shiga bakin mai wa'azi ko takardar hukuma. Wanda zai ɗauki nauyin irin wannan magana, wajibi ne ya san yadda lambar ta samu.

2.0 Mas'alar da aka ƙaddara

Fuƙaha'u sun saba ƙaddara mas'alar da ba ta auku ba domin a gane ƙa'ida. Haka za a yi a nan: alƙaluman da ke tafe na koyarwa ne, ba sakamakon wani bincike ba.

A ƙaddara ɗalibi ya tambayi magidanta 300 a ƙananan hukumomi biyar na Masarautar Daura, wato Daura, Sandamu, Mai'aduwa, Zango da Baure, game da karatun babban ɗansu namiji da ya kai shekarun makaranta. Tun kafin ya fita, akwai aiki a gabansa na tsara rukunai. Idan ya rubuta "allo, Islamiyya, boko" ya ce a zaɓa, to ya shiga uku, domin yaro ɗaya yana iya zuwa makarantar allo da asuba, ya tafi firamare da hantsi, ya wuce Islamiyya da la'asar. Gwajin yana buƙatar kowane mai amsa ya faɗa gida ɗaya tak a cikin jadawali. Saboda haka sai a mayar da rukunan su zama: karatun addini kaɗai, haɗa addini da boko, boko kaɗai.

Rabon "gari" da "karkara" shi ma yana son a tsaya a kansa. Wanda ya ɗauki birnin Daura kaɗai a matsayin gari, ya jefa sauran duka cikin karkara, ya manta cewa Zango da Baure mazaunin sarauta ne a ƙarni na 19, bayan da jihadi ya fitar da gidan sarautar Haɓe daga birnin, har zuwa 1906 da Turawa suka mayar da Malam Musa gadon Daura. M. G. Smith ya yi dogon bayani a kan waɗannan sarautu uku a littafinsa na 1978 kan al'amuran Daura. Mai'aduwa kuwa gari ne na babbar kasuwa a bakin iyaka. A nan za a ƙaddara cewa "gari" yana nufin hedikwatocin ƙananan hukumomin biyar.

| | Addini kaɗai | Haɗawa | Boko kaɗai | Jimilla |
|---|---|---|---|---|
| Gari | 18 | 78 | 24 | 120 |
| Karkara | 72 | 87 | 21 | 180 |
| Jimilla | 90 | 165 | 45 | 300 |

Ido kaɗai ya ga bambanci: kashi 15 cikin 100 na mutanen gari ne suka tsaya ga karatun addini kaɗai, a karkara kuwa kashi 40. Amma mutum 300 aka tambaya, ba dukan magidantan masarautar ba. Da wasu 300 aka ci karo da su, da alƙaluman sun ɗan motsa. Tambayar da gwajin yake amsawa ita ce: shin dacen zaɓe kaɗai zai iya haifar da tazara mai girman wannan?

3.0 Yadda lissafin yake

Ana farawa da hasashen rashin alaƙa, wato a ɗauka cewa wurin zama ba shi da wani tasiri a kan irin karatun. In haka ne, tunda mutanen gari su ne 120 cikin 300, wato kashi 40 cikin 100, ya kamata su ɗauki kashi 40 na kowane rukuni. Cikin mutum 90 na rukunin farko su sami 36, cikin 165 su sami 66, cikin 45 su sami 18. Ragowar, wato 54 da 99 da 27, na karkara ne. Waɗannan su ne adadin zato. Ƙa'idar fitar da su a kowane gida ita ce a ninka jimillar layin kwance da jimillar layin tsaye, a raba da babbar jimilla.

Daga nan sai a auna nisan abin da aka gani daga abin da aka zata. A kowane gida, a cire zato daga gani, a ninka bambancin da kansa, a raba da zato, sannan a tara na gidaje shida:

χ² = Σ (G − Z)² ÷ Z

A gidan farko an ga 18, an zaci 36. Bambancin 18 ne, ninkinsa da kansa 324, a raba da 36 a sami 9. Sauran na layin gari su ne 2.18 da 2. Na karkara kuwa 6, da 1.45, da 1.33. Jimillarsu, idan ba a datse ɓarɓashin lambobi ba, 21.97 ce. Ana ninka bambanci da kansa ne don kada ƙari da ragi su cinye juna. Ana raba shi da zato kuma saboda saɓanin mutum 12 a inda ake jiran 99 bai kai nauyin saɓanin mutum 12 a inda ake jiran 20 ba.

Lambar 21.97 ba ta da ma'ana sai an san girman jadawalin da ta fito daga ciki. A nan ne matakan 'yanci suke shigowa. Idan an riga an san jimillolin gefe, mai cike jadawalin nan gida biyu kawai yake da zaɓi a kansu. Da zarar ya rubuta 18 da 78, sauran huɗun sun tilasta kansu. Wanda ya taɓa ganin yadda ake cike gidajen hatimi, inda kowane layi dole ya ba da jimilla guda, zai gane wannan nan take. Ƙa'idar ita ce a rage ɗaya daga yawan layukan kwance, a rage ɗaya daga na tsaye, a ninka su: 1 × 2 = 2. Pearson da kansa ya kuskure wannan ƙidaya, sai a 1922 R. A. Fisher ya gyara ta, kuma gyaran ya jawo doguwar takaddama tsakaninsu.

A matakan 'yanci 2, iyakar da aka saba dubawa ita ce 5.991. Ma'anarta, in da babu alaƙa, sau 5 kawai cikin 100 lissafin zai haura wannan lamba. Tamu ta haura ta nesa ba kusa ba. Ƙimar p ɗinta ta gaza 0.001. Saboda haka sai a yi watsi da hasashen rashin alaƙa. Yana da kyau kuma a lura cewa 15 daga cikin 21.97 daga rukunin "addini kaɗai" suka fito. Can ne bambancin yake, sauran rukunan biyu ɗan taimako kawai suka yi.

4.0 Asali da hujja

Ɗalibin usulu ba zai sha wahalar gane tsarin wannan hujja ba, domin ta yi kama da istis'habi. Ana barin abu a kan asalinsa har sai dalili mai ɗagawa ya zo, kuma nauyin kawo dalilin yana kan mai da'awa. Asali a nan shi ne rashin alaƙa. Daga wannan kamanni abu biyu suke fitowa.

Na farko, idan lissafi bai kai iyaka ba, abin da ya faru shi ne mai da'awa ya kasa kawo isasshiyar shaida. Alƙalin da ya kori ƙara saboda rashin shaidu bai ce bashin bai taɓa aukuwa ba. Don haka kuskure ne a rubuta "bincike ya tabbatar babu alaƙa". Malaman usulu sun daɗe da bambanta rashin samun abu da rashin samuwarsa.

Na biyu, ƙimar p ba ta faɗin yiwuwar cewa hasashen gaskiya ne ko ƙarya ne. Abin da take faɗa shi ne, in da hasashen gaskiya ne, yaya ƙarancin samun irin wannan jadawali ko wanda ya fi shi nisa yake. Iyakar 0.05 ɗin ma al'ada ce da ta yaɗu daga littafin Fisher na 1925, babu nassi a kanta, kuma Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2016 tana jan kunne kan rataya hukunci a kanta ita kaɗai. Wanda ya yi gwaji 20 a kan takardar tambayoyi guda, ko da babu alaƙa ko ɗaya a haƙiƙa, yana sa ran ɗaya daga cikinsu zai haura iyaka bisa dace. Idan gwaje-gwajen ba su jingina da juna ba, yiwuwar samun aƙalla guda ta kai kusan kashi 64 cikin 100. Ɗauko wannan gudan a kawo shi a matsayin abin da aka gano, a ɓoye sauran 19, tadlisi ne, ko da kowace lamba a cikinsa daidai take.

Girman lambar kuma ba shi ne ƙarfin alaƙa ba. Da mutum 100 aka tambaya aka sami wannan kason, da χ² ta zama 7.32; da 3,000 ne, da ta kai 219.7. Alaƙar dai guda ce. Ma'aunin da ba ya kumbura da yawan mutane shi ne V na Cramér, na 1946, wanda yake tafiya daga 0 zuwa 1. A misalinmu 0.27 ne a duk yanayin uku: alaƙa ce ta gaske, amma matsakaiciya. Wannan ne ma ya sa ba a shigar da kaso cikin ɗari a lissafin, sai ainihin adadin mutane.

5.0 Sharaɗin da aka fi karyawa

Gwajin Pearson ya ginu ne a kan cewa an zaɓo kowane mutum bisa ƙuri'a, kuma amsar wani ba ta jingina da ta wani ba. Duk wanda ya san yadda ake shiga gari a ƙasar Daura ya san ba haka abin yake gudana ba. Ana kai gaisuwa wurin hakimi, ya haɗa mai bincike da dagaci, dagaci ya miƙa shi ga mai unguwa, mai unguwa ya tara masa mutane a ƙofar gidansa ko a bakin masallaci. Wannan ladabi ne da ba a tsallake shi, amma yana da sakamako a lissafi. Mutum talatin da aka samu a unguwa ɗaya galibi dangi ne ko maƙwabta, malaminsu ɗaya, nisan da ke tsakaninsu da firamare ɗaya. Malaman hadisi sun san irin wannan: riwaya talatin da duk suka koma ga mutum guda ba su zama hanyoyi talatin ba.

Leslie Kish ya ba da hanyar auna wannan a 1965. Idan an ɗauki mutum m a kowace unguwa, kuma kamannin da ke tsakanin 'yan unguwa ɗaya ya kai ρ, to tasirin tsarin zaɓe shi ne 1 + (m − 1)ρ. A ƙaddara ɗalibinmu unguwa 10 ya shiga, ya tambayi mutum 30 a kowace, kamannin kuma 0.1 ne kacal. Tasirin ya zama 1 + 29 × 0.1, wato 3.9. Mutanensa 300 nauyinsu bai wuce na kimanin 77 da aka zaɓo ɗai-ɗai ba. Gyaran da Rao da Scott suka kawo a 1981, a mafi sauƙin siffarsa, shi ne a raba χ² da matsakaicin wannan tasiri. Idan aka raba 21.97 da 3.9 za a sami 5.63, ƙasa da 5.991. Sakamakon da ɗazu ya yi kama da yanke shakka ya koma bakin iyaka, alhali ba a taɓa amsar kowa ba.

Ba a nufin cewa bambancin gari da karkara ya ɓace. Unguwa 10 ce ta yi kaɗan ta ɗauki nauyin da'awar. Da unguwa 30 ya shiga ya tambayi mutum 10 a kowace, da tasirin ya sauko zuwa 1.9, kuɗin mota ne kawai zai ƙaru. Manyan bincike irin na lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 su ma da tsarin rukunin gidaje ake yin su, shi ya sa bayanansu suke zuwa da lambar rukuni da nauyin kowane mai amsa. Stata da R da SPSS duk suna da sashen da yake lura da wannan, amma sai an umarce su.

Akwai kuma ɓarnar da babu wani gyaran lissafi da yake maganinta. Namiji mai bincike ba ya shiga gidan da ake kulle, don haka "ra'ayin iyaye" ya kan zama ra'ayin ubanni. Wanda ya fita da rani ba zai tarar da 'yan ci-rani ba, wanda ya fita da damina kuma mutane suna gona. Wanda ya raba takardu ranar kasuwa a Mai'aduwa, ko kusa da Kwangwalam, zai haɗa da baƙi daga ƙasar Damagaram waɗanda tsarin makarantunsu daban ne. Takardar da aka rubuta da boko kuwa ta riga ta ware wanda ajami kaɗai yake karantawa, a binciken da shi ne ake son ji daga bakinsa.

Sharaɗin ƙanƙantar gidaje ya fi sauƙi. Ƙa'idar Cochran ta 1954 ita ce kada adadin zato ya gaza 1 a kowane gida, kuma kada gidajen da zatonsu ya gaza 5 su wuce kashi ɗaya cikin biyar. In an saɓa, sai a koma ga gwajin Fisher na daidai-wa-daida, ko a haɗe rukunai. Haɗewar kuwa bisa ma'ana ake yin ta. Ana iya tara Ƙadiriyya da Tijjaniyya a ƙarƙashin ɗarika idan tambayar ta yarda da haka, amma zuba duk wanda ya yi kaɗan cikin kwandon "sauransu" ya kan haɗa mutanen da ba abin da ya gama su. Idan kuma mutanen nan ne aka tambaya kafin wani shiri na wa'azi da bayansa, gwajin McNemar na 1947 ne ya dace.

Wata al'ada da ta yaɗu a kundaye ita ce a ɗauki amsoshin "na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba, ban yarda ba sam", a zaci za su rabu daidai gida huɗu, a yi gwaji, sannan a ce an tabbatar da hasashen bincike. Abin da aka nuna kawai shi ne amsoshin ba su rabu daidai ba, kuma dama ba wanda ya zaci za su rabu. Mafi muni shi ne tara amsoshin tambaya biyar a jadawali guda, mutum 300 su koma 1,500.

6.0 Dawarani da warin giya

Ko da duk sharuɗɗan sun cika, abin da gwajin ya nuna shi ne abu biyu suna tafiya tare. Malaman usulu suna da suna ga wannan: dawarani, wato hukunci ya samu idan siffa ta samu, ya gushe idan ta gushe. Sun yi saɓani ko wannan kaɗai yana tabbatar da illa. Fakhruddin ar-Razi da Ƙarafi suna ganin yana ba da rinjayen zato. Imam Gazali, a cikin al-Mustasfa, bai yarda ya wadatar shi kaɗai ba, kuma misalin da ya kawo ya dace da maganarmu ƙwarai. Ruwan inabi halal ne, idan ya zama giya ya haramta, idan ya koma khalli ya halatta. Warin giya yana zuwa tare da haramcin, yana kuma tafiya tare da shi, amma babu mai cewa warin ne illa. Shi abokin tafiyar illar ne, wato sa maye.

A ƙaddara wani jadawali ya nuna cewa mabiya wata ƙungiya sun fi na wata barin 'ya'ya mata su kammala sakandare. Kafin a ce aƙida ce sanadi, sai a tambaya: ina mabiyan kowace suka fi zama? Idan ɗaya ta fi yawa a cikin gari inda sakandaren 'yan mata take kusa, ɗayar kuma a ƙauyukan da sai an yi tafiya mai nisa, to tana yiwuwa sunan ƙungiyar shi ne warin, nisan makaranta kuma shi ne mayen. Ƙidayar 2006 ba ta tambayi addini ba, balle ɗarika ko ƙungiya, saboda haka babu wani jerin hukuma da mai bincike zai gwada samfurinsa da shi. Wannan ya ƙara masa nauyin taka-tsantsan, domin magana irin wannan a kan Izala ko ɗarika tana iya zama makami a hannun masu jayayya.

Abin ya taɓa faruwa a zahiri a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A 1973 an karɓi kimanin kashi 44 cikin 100 na maza 8,442 da suka nemi karatun gaba da digiri, mata 4,321 kuma aka karɓi kimanin kashi 35 nasu. Gwajin kai-sikwaya zai ce tazarar ta wuce dace, kuma gaskiya ya faɗa. Amma da Bickel da abokan aikinsa suka bi sashe-sashe, a nazarin da suka buga a 1975, sai suka ga a mafi yawan sassa ba a tauye mata ba. Sun fi neman sassan da suke karɓar mutane kaɗan ne. Ana kiran wannan juyin da sunan Simpson, wanda ya yi rubutu a kansa a 1951, ko da yake Yule ya riga shi tun 1903.

Maganinsa shi ne abin da usuliyyai za su kira sabru da taƙsimi: a jero siffofin da ake tuhuma, a gwada su ɗaya bayan ɗaya. A aikace, sai a raba jadawalin gida biyu, na gari daban, na karkara daban, a duba ko bambancin ƙungiyoyin yana nan a cikin kowanne. Mantel da Haenszel sun fitar da hanyar tara sakamakon irin waɗannan jadawalai a 1959. Sai dai ba za a iya raba jadawali da abin da ba a tambaya ba. Idan takardar ba ta ƙunshi wurin zama, da sana'ar uba, da karatun uwa, da nisan makaranta ba, dama ta wuce tun ranar da aka buga ta.

Saboda haka, idan ɗalibinmu ya zo rubuta babi na huɗu, jumlar da alƙalumansa za su iya ɗauka ita ce kamar haka: cikin magidanta 300 da aka tambaya a unguwanni 10, kashi 15 cikin 100 na mazauna gari da kashi 40 na mazauna karkara ne suka ce babban ɗansu karatun addini kaɗai yake yi, χ² ta ba da 21.97 a matakan 'yanci 2, V kuma 0.27, bayan lura da tsarin zaɓe ta sauko zuwa kimanin 5.63, wadda ba ta kai iyakar 0.05 ba, kuma ba a tambayi iyaye mata ba.